Tsohuwar Waya da Sabon Kaya: Yadda Aka Ɗora Talabijin da Taron Bidiyo a kan Layukan Sadarwar Jami'o'i

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a kusan duk faɗin duniya, ganawa ta bidiyo ta zama ruwan dare a tsakanin malamai da ɗalibai, har ta kai yawancinmu mun ɗauka cewa wata sabuwar fasaha ce da manyan kamfanoni suka ƙirƙiro jiya-jiya. Manufar wannan maƙala ita ce ta komar da mai karatu baya zuwa farkon shekarun 1990, domin ya ga inda aka fara gwada wannan al'amari da gaske, watau a kan tsofaffin wayoyin da jami'o'i da cibiyoyin bincike na Amurka da Turai suka shimfiɗa domin aika rubutu kawai. Abin da muke son nunawa shi ne, waɗannan wayoyi ba su da ƙarfin ɗaukar hoto mai motsi, amma aka ɗora musu shi suka ɗauka, ta hanyar dabara da kuma ladabin masu amfani da su. Da jama'a suka yawaita ladabin ya gagara, sai tsarin ya rushe, dabarar kuwa ta rayu ta koma hannun wasu.

Wayar da aka gada

Kafin kwamfuta ta shigo cikin maganar, jami'o'i sun daɗe suna sha'awar koyarwa ta talabijin. A shekarar 1969 Jami'ar Stanford da ke Kalifoniya ta fara watsa laccocin injiniya kai tsaye zuwa kamfanonin da ke kewaye da ita ta hanyar igiyar iska, injiniyoyi suna zaune a wuraren aikinsu suna kallo, in tambaya ta taso su yi ta ta layin murya. To amma wannan hanya ce ta daban, mai kayan aikinta da ma'aikatanta da kuɗinta. Haka kuma kamfanin tarho na AT&T ya nuna wa duniya wayar tarho mai hoto, Picturephone, a bajen kolin duniya na 1964, ya fara sayar da ita a birnin Pittsburgh a 1970, amma tsada ta hana ta karɓuwa. Wanda ya saya ma sai ya tarar ba shi da abokin magana, domin ganga ɗaya ba ta biki.

Layin kwamfuta kuwa wata hanya ya biyo. A 1973 Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro tsarin Ethernet a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto, kuma a 1980 aka fitar da ƙa'idarsa mai gudun megabit 10 a sakan ɗaya. Wannan shi ne abin da ya mamaye harabobin jami'o'i a shekarun 1980: wata waya mai kauri, galibi ruwan ɗorawa, wadda ake ja ta cikin silin daga wannan ofis zuwa wancan, tsawon kowane yanki bai wuce mita 500 ba, kowace kwamfuta kuma a jona ta a jikinta. Yadda take aiki ya yi kama da zaman zaure. Waya ɗaya ce, kowa yana jin kowa. Wanda zai yi magana sai ya saurara tukuna, in ya ji shiru ya fara. In biyu suka fara tare sai duk su tsaya, kowa ya ɗan jinkirta gwargwadon abin da ƙuri'a ta ba shi, sannan a sake gwadawa. Muddin maganganun gajeru ne, kamar wasiƙa ko umurnin buga takarda, zaman yana tafiya lafiya lau. Matsala tana tasowa ne idan aka sami mai dogon zance wanda ba ya numfasawa, kuma babu mai dogon zance kamar talabijin.

Bari mu sa lissafi a gaba. Hoton talabijin na ɗakin shirye-shirye, idan aka mai da shi lambobi ba tare da an matse shi ba, yana bukatar fiye da megabit 200 a kowane sakan, watau ya ninka ƙarfin wayar gaba ɗayanta fiye da sau ashirin. Wannan a cikin harabar jami'a ke nan. Layin da ke fita waje ya fi haka ƙunci, domin jami'o'in Amurka da dama a wancan lokaci da layi mai megabit ɗaya da rabi suke haɗuwa da sauran duniya, babban layin ƙasar ma, wanda ake kira NSFNET, sai a 1991 aka ɗaga shi zuwa megabit 45. Ke nan mai son ya tura fuskar malami ta wannan hanya tamkar mai son shigar da raƙumi ta ƙofar akurki ne.

Mai shela da manzo

Dabara ta farko daga wani ɗalibin digiri na uku a Stanford ta fito, mai suna Steve Deering. Tunaninsa mai sauƙi ne idan aka kwatanta shi da abin da muka sani. Idan sarki yana da saƙo ga mutum ɗari, yana iya tashin manzanni ɗari, kowa ya nufi gida guda, yana kuma iya sa mai shela ya faɗa sau ɗaya kowa ya ji. Intanet a kan tsarin manzo aka gina ta: mutum ɗari masu kallo, kwafi ɗari na hoto ɗaya, duk ta ƙofa guda. Deering ya ce a yi wata hanya ta tsakiya, a aika ƙunshin saƙo sau ɗaya zuwa ga adireshin ƙungiya, sai a mararraba kaɗai za a kwafe shi, kuma sai in akwai mai sauraro a wancan reshe. Duk kwamfutar da ke so sai ta sanar cewa ta shiga ƙungiyar, in ta gaji ta fita. An keɓe wa wannan aiki adireshin da suka fara daga lamba 224 zuwa 239, kuma an buga ƙa'idar a 1989 a takardar da ake kira RFC 1112.

Abin lura a nan shi ne, tsohuwar wayar Ethernet ta dace da wannan tunani fiye da yadda ake zato. Tun da kowa yana jin kowa, aika hoto ga ɗalibi ɗaya da aika shi ga ɗalibai hamsin da ke kan waya guda nauyinsu ɗaya ne. Abin da ake ganin aibinta shi ne ya zama amfaninta.

Sai dai na'urorin raba hanya da ke tsakanin jami'a da jami'a ba su san wannan sabon yare ba, kuma ba wanda zai sauya su duka saboda gwaji. Sai aka yi musu wayo. A kowace jami'a da ke son shiga akan ware kwamfuta ɗaya, a sa mata manhajar da ake kira mrouted, ita kuma sai ta ɗauki saƙon ƙungiya ta sa shi cikin ambulan na saƙon talaka, ta rubuta adireshin 'yar'uwarta da ke wata jami'a. Na'urorin hanya su wuce da shi ba tare da sanin abin da ke ciki ba, can kuma a farke ambulan a yi shela. Tarin waɗannan ɓoyayyun hanyoyi shi ne aka laƙaba wa suna MBone. Ba a haƙa rami ko ɗaya ba, ba a ja sabuwar waya ba.

An fara gwajin a bainar jama'a a watan Maris na 1992, lokacin da ƙungiyar injiniyoyin intanet ta IETF ta yi taronta a San Diego. Stephen Casner da Deering suka jagoranci watsa muryoyin mahalarta kai tsaye zuwa wurare ashirin a nahiyoyi uku. A taron da ya biyo baya cikin shekarar aka ƙara da hoto. Kayan aikin duk kyauta aka rarraba su: Van Jacobson da Steve McCanne na cibiyar Lawrence Berkeley suka rubuta vat domin murya, daga baya vic domin hoto, da wb wanda allo ne da kowa ke iya rubutu a kai, Ron Frederick na Xerox ya rubuta nv, Thierry Turletti na cibiyar INRIA a Faransa ya rubuta ivs, Kwalejin Jami'a ta Landan kuma ta fitar da rat. Akwai kuma sd, wadda ke nuna jerin shirye-shiryen da ake watsawa, kamar shafin jarida mai jadawalin rediyo.

Me aka kalla? Laccoci da tarurrukan ilimi su ne suka fi yawa, sai hotunan tafiye-tafiyen kumbon hukumar NASA, waɗanda masu bincike kan bari a gefen allo suna aikinsu. A watan Mayu na 1993 aka haska fim ɗin David Blair mai suna Wax, a baƙi da fari, hoto biyu kacal a sakan maimakon ashirin da huɗu na silima. Ranar 24 ga Yuni na shekarar wasu ma'aikatan bincike masu kiɗan nishaɗi, da suka kira kansu Severe Tire Damage, suka yi wasa kai tsaye daga harabar Xerox. Da shahararrun mawaƙan Ingila, Rolling Stones, suka ba da minti ashirin na wasansu na birnin Dallas a watan Nuwamba na 1994, sai waɗancan 'yan ƙaramar ƙungiya suka riga su hawa layin, suka yi nasu kiɗan ba da gayyata ba. Ba wanda ya isa ya hana su, domin dandalin ba shi da mai ƙofa. Mai nazarin adabin baka ba zai rasa gane wannan ba: duk inda aka buɗe fili, ƙaramin makaɗi yakan riga babba kafa ganga.

Rashin mai ƙofa shi ne daɗin abin, shi ne kuma ciwonsa. Abin da aka amince a tsakanin masu amfani shi ne, duk MBone ɗin kada nauyinsa ya wuce wajen kilobit 500 a sakan, hoto ɗaya kuwa yakan ci kimanin kilobit 128. Lissafin a fili yake: shirye-shirye uku ko huɗu ne kawai duniya baki ɗaya za ta iya ɗauka a lokaci guda. Saboda haka mai son watsa lacca sai ya sanar tun da wuri, ya duba ko wani ya riga shi kama lokacin, in an yi karo a sasanta. Kowane ƙunshi kuma akan ba shi wata lamba wadda za mu iya kira guzurin tafiya, tana raguwa a kowane zango. In mutum ya sa ƙaramin guzuri, kamar 15, hotonsa ba zai fita harabar jami'arsa ba. In ya sa 127 sai ya karaɗe duniya. Ba doka ce ke tsare wannan ba, kunya ce. Ɗalibi ɗaya da bai san dawan garin ba, idan ya kunna kyamara a ɗakin da ba kowa ya sa babban guzuri ya tafi cin abinci, yana iya shaƙe taron mutane a wata nahiya, sai an nemo shi ta waya an roƙe shi ya kashe.

A cikin harabar kanta ma ba a rasa ƙorafi ba, domin a kan waya ɗaya ake zuba hoton da sauran ayyuka. Wanda ke jiran takardarsa ta fito daga na'urar bugawa ba ruwansa da kumbon NASA, amma tare da shi ake shan nauyin.

Hanyar talaka

Kayan MBone sai a kan manyan kwamfutoci masu tsarin Unix suke aiki, irin na kamfanin Sun, waɗanda sai a sassan kimiyya da injiniya ake samunsu. Malamin tarihi ko na harshe, mai ƙaramar Macintosh a tebur, ɗan kallo ne. Wannan giɓi shi Jami'ar Cornell ta cike. A 1992 Tim Dorcey, ma'aikaci a sashen fasahar sadarwa na jami'ar, ya rubuta manhajar CU-SeeMe, sunan da ya haɗa harufan jami'ar da ma'anar ga ni ga ka.

Dorcey bai yi jayayya da ƙuncin waya ba, sai ya rage kaya. Hoton ɗan ƙarami ne, ɗigo 160 a faɗi 120 a tsaye, ba launi sai matakai goma sha shida tsakanin baƙi da fari. Ya yanka hoton gida-gida, kowane gida ɗigo takwas sau takwas, manhajar kuma ba ta aika gida sai wanda ya canza. Mutumin da ke zaune yana magana, bangon bayansa ba ya motsi, kafaɗarsa ma da wuya; baki da ido ne ke aiki, su kaɗai za a aika. Wannan ya sa masu amfani suka koyi zama a natse, domin mai yawan motsi sai fuskarsa ta wargaje ta zama dabbare-dabbare. A farko ma babu murya sam, sai dai a ɗaga tarho ana kallon juna ko a rubuta saƙo. A 1994 aka haɗa mata murya, aka kuma fitar da ta Windows. A shekarar ce kamfanin Connectix ya fito da ƙaramar kyamarar QuickCam a kan kusan dala ɗari, abin da ya sa ɗalibi ma yana iya mallaka.

Game da taron mutane da yawa kuwa, Cornell ba ta jira a gyara intanet ba. Sai aka tanadi wata kwamfuta a tsakiya, wadda za mu fassara sunanta da madubi. Kowa ya aika mata hotonsa sau ɗaya, ita kuma ta kwafa ta tura wa kowane mahalarci nasa. A idon injiniyoyin MBone wannan koma-baya ne, domin an dawo tsarin manzanni ɗari. Amma yana da fa'ida ɗaya da ba a raina ta: ba ya bukatar izinin kowa a hanya. Da wannan manhaja aka gudanar da shirin Global Schoolhouse a 1993, inda yara 'yan makaranta a Amurka da Ingila suka riƙa ganin juna suna tattauna aikin da suka yi tare. A 1995 jami'ar ta ba kamfanin White Pine lasisin sayar da ita.

Ba za mu wuce wannan zamani ba tare da ambaton tukunyar kofi ta Jami'ar Kambirij ba, ko da yake ta fi kusa da barkwanci. A 1991 masu bincike a sashen kwamfuta suka gaji da sauko da bene su tarar tukunyar ta ƙare, sai Quentin Stafford-Fraser da Paul Jardetzky suka saita mata kyamara, hotonta ya riƙa bayyana a kusurwar allon kowa ta layin cikin gida, yana sabuntawa kamar sau uku a minti. A 1993 aka ɗora shi a yanar gizo, mutanen da ba za su taɓa shan kofin ba suka yi ta leƙawa daga ƙasashe daban-daban, har zuwa 22 ga Agusta 2001 da aka kashe kyamarar. Hoto uku a minti ba talabijin ba ne, amma ya biya bukatar da aka yi shi dominta, abin da Picturephone da duk kuɗin da aka zuba mata ba ta yi ba.

Abin da ya kashe MBone

Ana yawan cewa ci gaban fasaha ne ya wuce da MBone. A tamu fahimtar wannan rabin magana ce. Gaskiya ne a 1995 an fitar da Ethernet mai megabit 100, kuma na'urori masu ba kowace kwamfuta layinta sun maye gurbin waya ɗaya ta gayya, ta yadda tsimin da ya wajaba a da ya rage muhimmanci. Amma babban dalili na mutane ne. A watan Afrilu na 1995 aka rufe NSFNET, ragamar intanet ta koma hannun kamfanoni masu neman riba. Kamfani yana sayar da layi ne gwargwadon abin da ya bi ta kansa. To ƙunshi ɗaya da zai shigo masa ya hayayyafa ya zama dubu a cikin gidansa, wa zai biya? Wa kuma zai hana baƙo aika shara zuwa ga ƙungiyar da kowa ke iya shiga? Tsarin da aka gina a kan cewa masu amfani 'yan ɗaruruwa ne da suka san juna, suna jin nauyin juna, ba shi da amsar waɗannan tambayoyi sa'ad da masu amfani suka zama miliyoyi. Yawancin kamfanonin sai suka ƙi kunna shi kawai.

Abin da ya ci kasuwa shi ne tsarin manzo. RealAudio ya fito a 1995 yana ba kowane mai sauraro nasa kwafin, kamfanin Akamai da aka kafa a 1998 ya warware matsalar nauyi ta hanyar ajiye kwafi a dubban kwamfutoci kusa da masu kallo, YouTube kuma ya zo a 2005 a kan wannan turba. Idan aka dubi yadda Zoom da ire-irensa suke haɗa taro, kowa ya aika wa kwamfutar tsakiya ita kuma ta rarraba, za a ga madubin Cornell ne ya girma ya yi ƙiba. Hanyar da masana suka ɗauka ta wucin gadi ce, ita ta zauna.

Duk da haka tunanin Deering bai mutu ba, ya koma inda ya fi dacewa da shi ne, watau cikin gida ɗaya mai shugaba ɗaya. Haɗakar jami'o'in Amurka ta Internet2, wadda aka kafa a 1996, ta kunna shi a layinta, kuma tsarin ɗakunan taro na Access Grid da cibiyar Argonne ta fara a ƙarshen shekarun 1990 da vic da rat ya riƙa aiki. Kamfanonin tarho da suka shiga sayar da tashoshin talabijin ta layin intanet su ma da shi suka yi amfani a cikin layukansu, domin a can mai aikawa da mai hanya da mai karɓar kuɗi duk mutum ɗaya ne.

A nan ne tarihin ya ɗan taɓo mu. Halin da jami'o'in Amurka suke ciki a 1992, wato layin cikin gida mai ɗan yalwa da ƙofar waje mai ƙunci da tsada, bai yi nisa da abin da yawancin harabobinmu suka sani ba. Idan ɗalibai ɗari biyu a harabar jami'a guda suka kalli laccar malamin da ke ginin da ke kallonsu ta manhajar wani kamfani na ƙetare, hoton yakan fita ta wannan ƙuntatacciyar ƙofa, ya dawo sau ɗari biyu, ko kuma kowane ɗalibi ya biya da datar wayarsa. Layin bincike da ilimi na Nijeriya, NgREN, da aka ƙaddamar a 2014, taron bidiyo tsakanin jami'o'i yana cikin abubuwan da aka kafa shi dominsu, kuma irin wannan layi na 'yan gida shi ne muhallin da shela ta fi manzo araha.

Gado mafi girma da MBone ya bari kuwa ba a ganinsa da ido. Domin murya da hoto su iso a jere, a kuma san abin da ya ɓace a hanya, masu gwajin sun riƙa manna wa kowane ƙunshi lambar jeri da hatimin lokaci. Wannan dabara ce aka tsara ta zama ƙa'idar RTP, wadda aka buga a watan Janairu na 1996 a takarda mai lamba RFC 1889, da sunayen mutum huɗu a kanta: Henning Schulzrinne, da Casner na taron San Diego, da Frederick mai nv, da Jacobson mai vat. An sake sabunta ta a 2003, aka kuma yi mata reshe mai kulle saƙo a 2004, kuma a kan wannan reshe ne aka gina tsarin WebRTC da manhajojin shiga yanar gizo suke kiran bidiyo da shi.